Jar Jijiya a Kuncin Waliyyiya Sita

Litinin, 10 ga Afrilu, 1480

An gama hutun Ista, an koma aiki. Na ɗinke tsofaffin takardun zanen Baba guda tara da zaren Goggo Hawis, ina rubutu a bayansu. Shekara biyun da na yi ina koyon baƙaƙe a wurin Fada, limamin cocinmu, ba za su tafi a banza ba. Ban da ni, Baba kaɗai ya iya karatu a gidan nan, shi kuma ba ya leƙa ƙarƙashin katifata.

Ga abin da ya sa na fara. Yau Baba ya buɗe fuskar Waliyyiya Sita. Matan ƙungiyar masu wanki da 'yan aikin gida na cocinmu ne suka sa a sassaƙa musu ita, za su kafa ta ranar idinta, ashirin da bakwai ga wata. Tsayinta kamu ɗaya da rabi. Tun kafin Ista ya gama riga da hannaye, ya rarake bayanta don ta yi sauƙin ɗauka. Fuska kullum ita ce ta ƙarshe. Dutsen alabasta ne daga ramin Chellaston, fari tas kamar kitsen rago, duk Nottingham ba wanda ya samu irinsa bana, in ji Baba.

Wuƙa ta shiga kunci, sai ga jar jijiya a cikin dutsen. Daga gefen idon hagu har haɓa.

Jan tabon fuskata ma a hagu yake. Daga gefen ido har haɓa.

Hamon, mai yi wa Baba fenti, ƙato mai gemu da 'ya'ya uku amma ba hankali, ya leƙo ya ce, "Kai! Maigida, ashe 'yarka ka zaunar ka sassaƙa ba mu da labari? Ga Waliyyiya Emmot!" Ya yi ta dariya har yana tari. Baba bai yi dariya ba. Bai kuma ce masa ya rufe baki ba.

Talata, 11 ga Afrilu

Baba ya ce, "Goge ta, wataƙila a sama take." Goge fuska aikina ne, ni da busasshiyar fatar kifi da kakin zuma. Tun safe har aka buga ƙararrawar tsakar rana ina gogewa. Ƙara faɗi ta yi.

Da ya tambaye ni da na gaya masa ba za ta fita ba. Ina shekara shida na gwada a kuncina da yashin kogi da toka, sai da na yi jini. Amma wa ke tambayata?

Laraba, 12 ga Afrilu

Hamon ya durƙusa a gabana ina shara, wai, "Waliyyiya, makullina ya ɓace, a taimaka wa bawa." Waliyyiya Sita ake roƙo in makulli ya ɓace. Allah ya sa gemunsa ya faɗa tukunyar manne.

Alhamis, 13 ga Afrilu

Labari ya zaga layi. Matar mai gashin burodi ta shigo wai aron gishiri, a shagon sassaƙa. Ta kalli dutsen, ta kalle ni, ta sake kallon dutsen, ta yi alamar gicciye. Sannan ta fara wancan tsohon zancen, wai lokacin da Mama ke da cikina ta ga gobarar gidan mai jima ta dafe kuncinta, shi ya sa na fito da tawadar Allah ja. Mama ta rasu shekara goma ke nan, har yanzu ba su bar kuncinta ya huta ba.

Ta ce me zai hana a rufe da fenti? Hamon ya amsa mata kamar ba na wurin. Ai kowa ya sani. A shagonmu gashi ake wa ruwan zinariya, riga a yi mata ja ko shuɗi, amma fuskar waliyyi a bar ta dutse tsirara, fara, a goge ta ta yi sheƙi. Mugaye kaɗai ake shafa wa fenti a fuska, masu bulala da masu buga ƙusa da sarkin da ya sa a yanke kan Yohanna. In ka ga fuska da launi a allon coci, ka san ta wanda za ka tsana ce. Tun ina ƙarama na san haka, ni nake wanke buroshin.

Ina so a fasa ta. Yau, ba gobe ba. A fasa ta a kwashe, in daina shiga shago ina tarar da kaina tsaye kan tebur mutane na kallo.

Asabar, 15 ga Afrilu

Baƙaƙen yau za su karkace. Oho.

Uwargida Sibil shugabar masu wanki ta zo da mata biyu su ga aikinsu. Hannayensu jajir, duk sun tsage saboda ruwan toka. Ina kan bencina, taku uku daga tebur, ina ɗiga furanni a gindin wani Waliyyi Bitrus, ɗigo ja ɗaya, farare biyar kewaye da shi.

Baba ya yaye buhun ya nuna musu, ya ce dutse ya ci amanarsa, zai sassaƙa musu wata kafin ranar idi. Sai ƙaramar cikinsu ta ce, "Ni fa ban ga laifinta ba. Ai 'yar aiki ce ita ma, wa ya san ko uwar ɗakinta ce ta mare ta?" Suka yi dariya. Uwargida Sibil ta shafa hannun dutsen ta ce, "Malam Gervase, kada ka wahalar da kanka. Kusurwarmu a coci duhu gare ta. Mu ba matan attajirai ba ne, za mu karɓe ta haka."

Za su karɓe ta. Da kunnena na ji.

Baba ne ya ƙi. Ya ce, "Uwargida, ba za ta fita daga ƙofar nan da sunana ba. Wa zai durƙusa gaban fuska irin wannan?"

Uwargida Sibil ta dube ni, ta yi maza ta mayar da ido ƙasa. Sauran biyun ma. Har Hamon ya daina niƙa launi. Baba kaɗai bai lura ba, ya ci gaba da bayanin sabon dutsen da zai sayo, yana auna iska da hannu.

Na ɗiga ɗigo shida a fure ɗaya. Na bar shi haka.

Lahadi, 16 ga Afrilu

A coci na ƙirga fararen fuskoki goma sha tara, bakwai ni na goge su. Ban yi addu'a ga ko ɗaya ba. Na tsaya bayan ginshiƙi kamar kullum, na ja mayafina, na ce wa Ubangiji: Kai ka sa jijiya a dutse, Kai ka sa a kuncina, to wanne ne kuskuren? Wataƙila zunubi ne faɗin haka. Zan gaya wa Fada in na huce. Ba yanzu ba.

Na daina yi wa Baba magana tun jiya. Bai sani ba. Abin haushin ke nan ga mutum irina, in ka yi fushi ka yi shiru, ba wanda ke ganin bambanci.

Talata, 18 ga Afrilu

Sabon dutse ya iso a keken shanu. Baba ya jiƙa shi ta kowane gefe, ya ƙwanƙwasa, ya sa kunne, ya kai shi bakin ƙofa ya juya shi a rana kamar mai sayen doki. Fari har ciki.

Ta farkon kuma an sauke ta kusurwa inda ake tara gutsattsari, an juya fuskarta bango. Hamon ya tambaya ko a yanka ta a fitar da ƙananan abubuwa. Baba ya ce an riga an rarake ta, ba sauran nama.

Da rana Tsoho Jankin mai tanderu ya biyo, wanda ke ƙona ragowar dutsenmu ya zama farin garin shafen bango. Ya taɓa ta da ƙafa. Da ƙafa! Ya ce, "Wannan za ta shafe ɗaki guda. Ba a sa mata launi ba ko? Ka san dokata, Gervase, dutse mai fenti ba ya shiga wutata. Bara na yi kuskure, bangon wani lauya ya fito kamar cikin kwaɗo, har yau yana zagina a kasuwa." Baba ya ce ko ɗigo babu. Suka tsayar da Juma'a, washegarin idi, zai zo da amalanke.

Goggo ta ce daga ƙofar kicin, "Waliyyiya za ku ƙona? Ba ku tsoron Allah?" Baba ya ce Fada bai sa mata albarka ba, dutse ce kawai. Kuma kafin amalanke ya zo zai buge fuskar da guduma kamar yadda ya saba, don kada a ce an jefa siffar mai tsarki a wuta.

To. Abin da nake so ke nan ai. Na rubuta da hannuna ranar Alhamis.

Alhamis, 20 ga Afrilu

Ina shara na juyo da ta farkon, don tsintsiya ta shiga bayanta ne kawai.

Ban taɓa kallon hannayenta sosai ba. Baba ya yi mata gaɓoɓin yatsu masu kauri, irin na mai murza wanki, da carbi a naɗe a wuyan hannu. Makullan da ke rataye a ɗamararta bai gama ba, dunƙule ne har yanzu. Bakinta a rufe, kamar an yi mata tsawa tana jira a gama. Mutumin da ya iya ganin yatsun mai wanki haka, ya zauna ya fitar da su ɗaya-ɗaya, shi ne bai iya ganin wadda ke zaune taku uku daga gare shi ba.

Na mayar da ita bango kafin su dawo daga cin abinci. Ba na son ta. Ina faɗa ne kawai.

Asabar, 22 ga Afrilu

Goggo ta tsare ni ina yanka albasa. "Ke, 'yar nan. Kwana bakwai ba ki ce wa ubanki ina kwana ba. Kina tsammani makauniya ce ni?"

Na ci gaba da yankan albasata.

"Maganar ranar Asabar ce ko? Na ji ta daga nan, na so in jefe shi da ludayi. Amma ki saurara. Ƙanena jaki ne, tun yana yaro, amma ba da ke yake ba. Shi ba ya ganin abin nan a fuskarki. Wallahi ba ya gani. Emmot kawai yake gani."

Na ce, "To shi kaɗai ne makaho a Nottingham." Ban san zai fito da ƙarfi haka ba. Goggo ta buɗe baki, sannan ta ce, "A'a, ashe akwai harshe a ciki."

Wai in ji daɗi ba ya gani. Shekara goma sha huɗu ina ɗauke da shi zuwa rijiya, zuwa kasuwa, yara na bi na suna tambaya wa ya watsa min jini, shi kuma ya huta abinsa, ba ya gani. Sai da ya fito a dutsensa mai tsada sannan idonsa ya buɗe. Goggo ta ce in je in gaya masa. Ta yaya? In na tsaya gabansa ƙasa kawai nake kallo.

Albasar ce ta sa ni hawaye, na gaya mata.

Talata, 25 ga Afrilu

Na goge fuskar sabuwar. Sumul, kamar dafaffen ƙwai da aka ɓare. Baba ya zagaya ta sau biyu ya ce, "Madalla. Hannunki ya fi na kowa a layin nan." Ya tsaya yana jiran in yi murmushi. Na tattara fatar kifina na fita.

Yatsunta ba su kai na ta farkon ba, sauri ya yi. Shi ma ya sani.

Laraba, 26 ga Afrilu

Baba ya ɗauko babbar gudumar ya jingina ta a kusurwa, kusa da ƙafar ta farkon.

Alhamis, 27 ga Afrilu

Na yi abu. Bari in rubuta tun kafin tsoro ya hana ni.

Da safe aka ɗora sabuwar a kan katako, Baba da Hamon suka ɗauka, masu wanki na gaba da kyandirori suna waƙa. Bayan coci akwai walima a gidan ƙungiya, giyar sha'ir da gasasshen rago, sai yamma za su dawo. Na ce cikina na ciwo. Goggo ta kalle ni ta gefen ido, ta ɗaura mayafinta ta bi su.

Na shiga shago don in share ne. Na ga gudumar. Na zauna a ƙasa ina kallonta, ina jin ƙararrawa, ina tunanin gobe da safe: zai tofa yawu a tafinsa kamar kullum, ya ɗaga, ya sauke a kan kuncin hagu, don nan ne ya fi ba shi haushi. Sannan ya je ya ci burodinsa. Wani ɗaki a garin nan zai yi fari, ba wanda zai san da me.

Sai na tuna maganar Jankin.

Na jawo ta tsakiyar shago, nauyinta ya kusa karya min baya. Na buɗe akwatin Hamon, wanda ko taɓawa ba a yarda in yi ba. Ni kore da ɗigon furanni kaɗai aka taɓa bari na yi. Na dama ja da man zane, na shafe rigar ciki. Na yi kore a gindi. Gashi na sa masa rawaya, don ban iya ɗora ganyen zinariya ba, numfashi kaɗai yana tashinsa. Sai mayafi. Na daɗe ina riƙe da ƙaramin tulun shuɗin nan da ake kawowa daga ƙetaren teku, wanda Hamon ke ɗiba da bakin wuƙa yana riƙe numfashi, na rigar Budurwa Maryamu kaɗai. Na ce in dai za a dake ni, a dake ni a kan abu mai dalili. Na juye rabi.

Har cikin ramin bayanta na shafa, da ƙarƙashin ƙafa, don kada a ce za a kankare. Ba inda na bari sai hannaye da fuska. Fuskar na goge ta da kaki kamar ta kowane waliyyi. Da ta sha kaki jijiyar ta ƙara fitowa, ja kamar hanta. Na bar ta.

Gaskiya ba ta yi kyau ba. Shuɗin ya yi kauri a kafaɗa ɗaya, ya zubo kan jan, rawayan kamar gwaiduwa. Furannin ne kawai suka yi daidai.

Goggo ta riga su dawowa. Ta tsaya a ƙofa, ta kalli waliyyiyar, ta kalli hannayena shuɗi har gwiwar hannu. Ta ce, "Uwar Allah." Can ta ce, "Ciwon cikin ke nan?" Ta ɗauko buhu, muka kafa sanduna muka rufe ta yadda ba zai taɓa fentin ba. Ta ba ni toka da kitse in wanke hannu. Bai fita duka ba.

Juma'a, 28 ga Afrilu

Jankin ya yi sammako, ya iso kafin Baba ya gama karin kumallo, don haka tare suka shiga. Ina tsaye bakin ƙofar kicin, hannayena cikin riga.

Baba ya ɗauki gudumar, ya yaye buhun.

Jankin ne ya fara magana. Ya dangwala yatsa a kafaɗarta, ya ɗago shi shuɗi. "Gervase, wasa kake da ni? Na taso jakina tun asuba don wannan? Ko ɗigo babu, ka ce!" Hamon ya ruga wurin akwatinsa, ya buɗe tulun, ya yi wata ƙara kamar an taka wutsiyar kare. "Shuɗina! Maigida, shuɗin Uwarmu! Wane la'ananne..."

Baba ya ce, "Wa ya yi wannan?" A hankali ya faɗa, wanda ya fi tsawa muni.

Goggo ta fara cewa wataƙila, na ce, "Ni ce." Na fito da hannayena.

Ya ce na san abin da na yi? Na san daga inda ake kawo shuɗin nan? Na san na mayar da shi abin dariya gaban mutane? Me ya shiga kaina, ni da ko ƙuda ba na korewa? Yana ta faɗa, gudumar na hannunsa, ya manta da ita. Na kalli ƙasa. Na ji ya ce, "Dutsen banza ne, Emmot, ɓatacce! Dubi fuskar!"

Na ɗago. Ban san daga ina ba. Na ce, "Na duba, Baba. Kullum ina dubawa a bokitin ruwa." Muryata ƙarama, na tsani yadda ta fito. Na ce, "In fuska irin wannan ta tanderu ce, akwai wuri a amalanken. Sai in hau."

Ba wanda ya motsa. Baba ya kalle ni. Ba irin kallon da yake min ba, irin wanda yake wa dutse in zai saya, daga gefen ido har haɓa. Sannan ya juya ya kalle ta. Na ga wuyansa ya yi ja, sannan fuskarsa ta yi fari. Ya ce, "Ni ban..." Bai ƙarasa ba.

Jankin ya share yatsansa a wando ya ce, "To ni dai ba na ƙona mutane, ba na ɗaukar fenti. A ba ni gutsattsarina in tafi." Hamon ya taya shi lodi, ba wanda ya sa shi.

Baba ya ajiye gudumar a kan tebur, ya ɗauki hularsa ya fita. Ni kuma na je bayan gida na amayar da karin kumallona. Jarumar ke nan.

Bai dake ni ba. Da ya dake ni da na san inda zan ajiye fushina.

Asabar, 29 ga Afrilu

Goggo ta naɗe hannun riga ta rungumi waliyyiyar, fenti da komai, ta kai ta kicin ta ɗora kan kantar da muke ajiye cuku. Ta ce da ƙarfi yadda shago zai ji, "Waliyyiyar masu tukunya ce, ta zo gidanta. Wanda ya isa ya shigo ya fitar da ita." Gaban rigarta ya zama shuɗi, ta ce ba ta taɓa sa tufa mai tsada haka ba.

Hukuncina ta bakin Hamon ya zo: zan niƙa masa launi har tsakiyar bazara. Baba bai iya faɗa min da kansa ba.

Litinin, 1 ga Mayu

'Yan mata sun tafi daji tsinko furanni. Ni ina niƙa ja.

Hamon ya shiga kicin shan ruwa, ya daɗe, ya fito yana girgiza kai. "Shuɗi ba fate ba ne, yarinya, ba a zuba shi da ludayi. Sau uku ake bi, siriri-siriri." Ya nuna min a kan guntun dutse. Bai kira ni da wancan sunan ba. Kada ya ɗauka na manta.

Baba yana cin abinci a shago yanzu. Da safe mun haɗu a ƙofa, ya matsa min in wuce kamar wata baƙuwa. Ya rame, ko idona ne. Ba ruwana.

Alhamis, 4 ga Mayu

Baba ya shigo kicin. Tun da aka haife ni ban taɓa ganinsa ya wuce bakin ƙofar ba. Ina tuƙa faten wake, Goggo na yanka kifi. Ya tsaya gaban kantar cuku, hannayensa a baya, ya daɗe. Ya taɓa dunƙulen makullan da babban yatsa, ya ce, ba da kowa ba, rabin yini zai ishe su.

Sai ya ce, "Hawis, kin ajiye ta dab da murhu. Hayaƙi zai ɓata mata fuska."

Goggo ta ci gaba da yankan kifinta, amma na ga kafaɗunta na motsi.

Ya ciro igiya daga aljihu ya auna tsayi, ya auna faɗi, ya ƙulla. Wai zai haɗa mata akwatin katako mai ƙofa biyu, a riƙa buɗewa in ba a girki. Yana naɗe igiyar, bai juyo ba, ya ce, "Cikin akwatin, wane launi?"

Goggo ta yi kamar kurma. Faten ya fara kamawa.

Na ce, "Kore."

Ya ce, "Kore," ya gyaɗa kai ya fita, ya buge goshinsa a saman ƙofa.

Kalma ɗaya ce, ba wani abu ba. Ban huce ba, kuma bai ce komai a kan ranar Asabar ɗin nan ba, wataƙila ba zai taɓa cewa ba. Koren dai na riga na niƙa shi da rana, tun bai yanka katakon ba. Don kada Hamon ya yi shi da gari-gari ne kawai.